Yadda Za Ka Shafe Muryar Mamaci Daga Imel Cikin Kwana Talatin

Kana da imel? Akwai wani abu a cikinsa wanda babu irinsa a ko'ina a duniya? To, ka zo inda ya dace. In ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya ba tsallake, na yi maka alkawari abin zai ɓace ɓat, ɓacewar da injiniya ba zai dawo da shi ba, malami ma ba zai dawo da shi ba. Ba ka buƙatar ɓarawo. Ba ka buƙatar gobara, ba ka buƙatar babbar kwatar unguwar Nima ta cika ta shigo ɗakinka. Yatsa ɗaya da girman kai sun ishe ka.

Sunana Sahadatu, a unguwar Maamobi ta birnin Accra aka haife ni, ɗinki ne sana'ata. Ban yi karatun kwamfuta ba, amma gida ɗaya nake da babban gwani a wannan fanni, wato Jalilu, ɗan ƙanen mahaifiyata. Duk abin da zan koya maka shi ya fara gwadawa, kuma ya yi aiki. Abin da ya yi gwajin a kansa shi ne saƙonnin murya ashirin da shida da yayana Mutala ya aiko wa mahaifiyarmu, Mma Adisa, daga Italiya kafin Allah Ya yi masa rasuwa. Can aka binne shi. Ba mu da kabarin da za mu je mu tsaya a kansa, muryar nan kaɗai muke da ita. Saboda haka kada ka ce da ƙaramin abu aka yi gwajin.

Mataki na 1: Ka zama kai kaɗai ke da imel a gidan

Wannan yana son sammako. Jalilu ya fara tun shekarar da Mutala ya bi ta sahara, lokacin da gidanmu mai ɗaki goma sha huɗu ba shi da wayar shafawa ko ɗaya. Ya shiga kafen intanet a Nima, ya yi awa biyu, ya fito da adireshi. Tun daga ranar ya daina ɗebo ruwa. Mutanen gida suka sa masa suna Sakatare, shi kuma ya fara soke biro biyu a aljihun gaba.

Kai ma ka yi haka. Mai cika takardar makaranta, adireshinka. Mai neman aiki a Tema, adireshinka. Wanda ya ce zai buɗe nasa, ka riƙe haɓa ka girgiza kai, ka ce masa 'yan damfara sun yi yawa, abin ba na kowa ba ne.

Da Mutala ya sami aiki a gonar tumatir, ya san Mma ba ta karanta boko, sai ya riƙa naɗar muryarsa yana turowa ta adireshin Sakatare. Cikin shekara huɗu ya turo ashirin da shida. Wani minti biyu, wani minti tara. A na goma sha ɗaya yana cikin ba Mma labarin sanyin ƙasar sai abokinsa ya yi wata irin atishawa a bayansa. Mutala ya fashe da dariya har ya kasa magana, sannan ya ce, da irin Hausarmu ta Zango, "Mma, ka ci abinci dai? Kar ka raba ma mutane duka ka zauna da yunwa." Wannan ne Mma ta fi so.

Mataki na 2: Ka mai da abin sarauta

Bayan rasuwar Mutala, Mma ta kafa wata al'ada. Kowace Juma'a, in an sauko daga masallaci, takan shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakinta, ta tuƙa tuwo da miyar ayoyo, ta aika a kira Sakatare. Shi zai zauna a kan kujerar roba, ya buɗe imel a wayarsa, ya kunna mata ɗaya ko biyu. Ita za ta rufe ido tana motsa leɓe. In an gama ta tura masa kwano, cinyar zabo a sama.

Ka lura da cinyar nan, domin ita ce ginshiƙin karatunmu. Muddin muryar tana wuri ɗaya, kuma kai kaɗai ke da kalmar sirrin wurin, to cinya taka ce har abada. Ranar da ka kwafe wa wani, ranar ka koma ɗan gida kamar kowa, mai cin wuya da ƙafa.

Saboda haka kada ka zo da wuri. Bari a aiko sau biyu. In ka zo, ka yi tsaki ka ce data ta yi tsada. Yayin da muryar ke tashi, ka zaro wayarka ta biyu ka duba sakamakon ƙwallo. Ba kai aka aiko wa ba, me ya kai ka sauraro?

Jalilu ya ci cinyar zabo sama da ɗari huɗu ta wannan hanya. Na ƙirga, domin ni nake fige zabin.

Mataki na 3: Ka yi wa tsohuwa dariya

Tsofaffi suna da wata mummunar ɗabi'a ta ajiye abu a wuri biyu. Ka yaƙe ta da dariya.

Mahaifinmu ya yi zaman Legas kafin a haife ni, kuma da kaset yake aiko wa Mma da saƙo, kamar yadda mutanen Zango suke yi a zamanin. Kaset bakwai. Mma ta kai su wurin mai naɗar waƙa a kasuwar Nima ya yi mata kwafin kowanne. Bakwai suna cikin gwangwanin biskit a saman kabad ɗinta, a naɗe cikin tsohon zane. Bakwai suna unguwar Kotobabi wurin ƙanwarta, saboda in ruwa ya ci ɗaki ɗaya ba zai ci biyu ba. Shekara arba'in ke nan, kuma har yau in ka sa su a rediyo za ka ji Baba yana faɗa a kan an bar akuya ta ci masa tabarma.

Wata Juma'a Mma ta ce, "Jalilu, wannan muryan Mutala, ba ka iya sa shi cikin kaset? Mu kai ɗaya Kotobabi."

Ga amsar da za ka haddace. Jalilu ya yi dariya har ya ajiye cokali, ya ce, "Ei, Mma! Kaset? Wannan zamani ya wuce tun tuni. Abin yana can sama cikin intanet. Ko Accra duka ya ƙone, shi ba ya taɓuwa kraa."

Mma ta ce, "Yoo. Kai ne ka yi makaranta."

Ka ji daɗin wannan magana. Da ita za ka rufe bakin duk wanda ya fi ka hankali amma bai kai ka Turanci ba.

Mataki na 4: In an ba ka wurin ajiya, ka cika shi da waƙa

A kowane gida akwai mace mai naci. A namu ni ce. Shekara uku da suka wuce na je Adabraka sayen zare, na biya wani shago na sayi filash, ɗan ƙarfen nan da ake zuba abubuwan kwamfuta a ciki. Na ce wa mai shagon ya ba ni mai kyau, na ajiyar amana ne. Na kawo na damƙa wa Sakatare, na ce ya zuba muryar Mutala duka, ni zan ajiye cikin akwatin keken ɗinkina.

Kada ka ƙi karɓa, ƙin karɓa yana jawo surutu. Ka karɓa da hannu biyu, ka juya shi gaba da baya kamar kana duba ingancinsa, ka ce, "Sista Sahada, ka yi ƙoƙari paa. Gobe gobe na yi shi."

Gobe ka ce wutar lantarki. Jibi ka ce kwamfutar abokinka tana wurin gyara. Bayan wata guda mai naci za ta gaji, domin tana da ɗinkin Sallah a gabanta. Daga nan filash ya zama naka. Ni na sake ganin nawa ne a jikin lasifikar majalisar su Jalilu, inda suke shan ataya, wato shayi, a bakin titi, yana ta zuba waƙoƙin rawa. Na ce ai nawa ne wannan. Ya ce eh, yana gwada shi ne ya ga ko yana da ƙarfi.

Mataki na 5: Kada ka taɓa share akwatinka, kada ka taɓa ware komai

Akwai masu buɗe folda a imel, su sa mata suna, su zuba muhimman saƙonni a ciki don kada su cakuɗe da tarkace. Waɗannan marasa aikin yi ne. Babban mutum akwatinsa a hargitse yake, don a san ana nemansa.

Ka ba kowane shafin intanet adireshinka. Masu tallar takalmi, masu hasashen ƙwallo, masu cewa ka ci kyautar mota a ƙasar da ba ka taɓa zuwa ba. Kada ka buɗe, kada ka goge. Bari jar lambar nan ta saman waya ta yi ta hawa. Ta Jalilu ta kai dubu goma sha huɗu da ɗari biyu, kuma yakan ajiye wayar a fili a majalisa don a gani.

Sannan bidiyon aure. Ka san mu a Zango ba a aure sai da masu kyamara uku. Duk auren da ka je, ka sa a turo maka bidiyon gaba ɗaya, tun daga sa lalle har zuwa wanke tukwane, ka jibge shi a wurin ajiyar da imel ɗinka yake amfani da shi. Ba don amarya ba, ba don ango ba. Don a minti na arba'in da biyu an nuno ka kana gyara hula.

A can ƙasan wannan juji, muryar mamaci tana kwance tsakanin tallar man gashi da tallar caca. Nan ne wurinta.

Mataki na 6: Gargaɗi ba naka ba ne

Wata rana kamfanin imel zai rubuto ya ce wurin ajiyarka ya kusa cika. Zai sake rubutowa. Zai sa rubutun cikin ja a saman shafi, yadda ko Mma da ba ta karatu sai da ta nuna da yatsa ta ce, "Wannan jan abu fa?"

Ka ce ado ne.

Ga hikimar da ba kowa zai gaya maka ba: na'ura ba ta san darajar mutum ba, don haka in ta yi maka gargaɗi raini ne. Ka share wata shida kana wuce jan rubutun nan kamar yadda kake wuce mai wa'azi a tashar trotro, motocin hayarmu. Ka bari sai ranar da sababbin saƙonni suka daina shigowa, wani ɗan gida ya zo ya ce an ce an turo masa takardar kiran aiki ta adireshinka amma shiru. A nan ne sarautarka za ta fara girgiza, kuma a nan ne za ka yi aikin da aka haife ka dominsa.

Mataki na 7: Ka yi shara cikin fushi, a tsaye, da hannu ɗaya

Ka zaɓi ranar Litinin da hantsi, kana layin sayen koko, ɗaya hannun yana riƙe da ledar ƙosai. Kada ka zauna. Mai zama yana iya yin tunani.

Ka duba bidiyon aure goma sha bakwai. Ba za su gogu ba, kana ciki. Ka duba saƙonni dubu goma sha huɗu. Sun yi yawa, wa ke da lokacin bi ɗaya ɗaya? Sai ka tuna akwai hanyar da ake cewa a nuno duk saƙon da ya wuce shekara biyar. Ka danna. Ka zaɓe su duka. Wayar za ta tambaye ka ko ka tabbata. Ka ji rainin da na gaya maka? Kai Sakatare guda, ana tambayarka ko ka tabbata. Ka danna da ƙarfi.

Shi ke nan. Ka sha kokonka.

Yanzu zan gaya maka abin da Jalilu bai sani ba, kuma kai ma wajibi ne ka yi kamar ba ka sani ba. Abin da aka goge ba ya tafiya nan take. Yana komawa wata folda da ake kira kwandon shara, ya zauna can kwana talatin cur yana jiran mai shi ya dawo cikin hankalinsa. Danna biyu ya isa a dawo da shi. Wato har yanzu ba ka yi nasara ba. Muryar Mutala tana nan da rai, a cikin aljihunka, kuma duk wanda ka tambaya zai iya ceto ta. Aikinka na gaba shi ne ka hana hakan faruwa har kwana talatin su cika.

Mataki na 8: Juma'a huɗu, ƙarya huɗu

Wannan ne matakin da ke raba gwani da ɗan koyo. Ɗan koyo zai ji tsoro ya faɗi gaskiya, a ceto abin, ya sha faɗa na kwana ɗaya a manta. Gwani yana riƙe mutuncinsa.

Juma'ar farko, kwana huɗu da sharar. Jalilu ya zauna a kujerar roba, ya rubuta sunan Mutala a wurin nema, bai ga komai ba. Ina kallonsa daga bakin murhu. Na ga ya sake rubutawa. Na ga gumi ya tsattsafo masa a saman leɓe. Sai ya ɗaga wayar sama, ya juya ta gabas, ya juya ta yamma, ya ce, "Mma, netwok yau ba shi da kyau sam." Mma ta ce ba komai, ta tura masa kwano. Ya ci cinyar.

Juma'a ta biyu, ka ce kamfanin yana gyara. Ka ƙara da cewa duk duniya ne, har Amurka. Mma ta ce Allah Ya ba su sa'a. Ya ci cinyar.

Juma'a ta uku, kada ka zo. Ka aiko cewa ka tafi jana'iza Ashaiman. Mma ta zauna a tabarma har la'asar, sannan ta rufe kwanon ta ce in kai masa ɗakinsa, kada ya dawo da yunwa. Na kai. Na same shi a ciki yana kallon ƙwallo.

Na ce, "Jalilu, me ya faru da muryan?"

Ya ce, "Sista, ka bar ni da aikina. Ni na taɓa zuwa na gaya maka yanda ake ɗinki?"

A tsawon kwanakin nan, ka tabbata ba ka tambayi kowa ba. Wannan yana da wuya, domin a bakin titinmu akwai shagon Abdulsalami mai gyaran waya da kwamfuta, kuma majalisarsu ɗaya da Jalilu. Kullum suna shan ataya a benci guda, kofi ɗaya yana zagayawa tsakaninsu, wayar tana aljihunsa. Jimla ɗaya ta isa. Amma in Sakatare ya tambayi mai gyaran waya, gobe duk Maamobi ta ji cewa Sakatare bai iya ba. Ka zauna ka yi masa musun ƙwallo.

Juma'a ta huɗu, kwana ashirin da biyar. Saura biyar. Mma ta yi wanka, ta sa farin mayafinta, ta ce jiya ta yi mafarkin Mutala, yau na goma sha ɗaya take so. Ka dube ta ido cikin ido ka ce batir ya mutu. Ta ce ga caja. Ka ce ba irinta ba ce.

Mma ta dubi Jalilu. Sannan ta tura masa kwano.

Mataki na 9: Ka faɗi gaskiya bayan ta daina amfani

Gaskiya abu ne mai kyau, amma tana da lokaci. Lokacinta shi ne Juma'a ta biyar, kwana talatin da biyu.

Ranar ban tsaya a murhu ba. Da ya fara ɗaga waya yana neman netwok sai na fizge ta daga hannunsa, na ce ba zan ba shi ba sai ya faɗa. Mutanen gida suka fito. Ya yi ta kame-kame, ya ce kamfani, ya ce 'yan damfara, ya ce wataƙila Mutala ne bai turo su daidai ba tun farko. Daga ƙarshe ya ce, da murya ƙasa ƙasa, wai ya yi ɗan gyara ne.

Washegari da safe na tasa shi gaba har shagon Abdulsalami. Na ce, "Bra Salami, don Allah duba mana." Ya karɓi wayar, ya shiga kwandon shara kai tsaye, ko minti ɗaya bai yi ba. Wayam. Ya tambayi Jalilu ranar da ya goge. Jalilu ya ce Litinin ɗin da ta biyo bayan auren ɗan mai unguwa. Abdulsalami ya ɗaga kai ya dubi kalandar da ke bango, ya bi ta da yatsa, ya sake bi.

Ya ce, "Chale, abokina. Da Talatan nan da ya wuce ka zo, da na dawo da shi kafin ruwan ataya ya tafasa."

Jalilu ya ce, "Ba wani hanya?"

Ya ce, "Kwana talatin kana zaune kusa da ni, Jalilu. Ranan Talata ma ni na zuba maka ataya."

Ya gwada duk da haka, Allah Ya saka masa. Ya rubuta wa kamfanin, ya binciki tsofaffin wayoyin Jalilu guda biyu da suka rage a ɗaki. Sauran huɗun da ya taɓa riƙewa an sayar tuntuni. Ya nemi adireshin Mutala, amma wanda ya yi shekara tara a ƙasa ba ya buɗe imel, an rufe shi. Bayan mako guda ya zo har wurin ɗinkina ya ce in yi haƙuri.

Barka. Ka gama. Bidiyon aurenka goma sha bakwai suna nan lafiya lau.

Mataki na 10: Ka je ka karɓi ladanka

Za ka zaci za a zage ka. Ni na zage shi, kuma ban yi nadama ba, na tsane shi a ranar kamar in mutu. Ƙanwar Mma ta zo daga Kotobabi ta ƙara masa. Mutanen gida suka bi layi wurin Abdulsalami kowa ya buɗe adireshinsa. Duk wannan mai sauƙi ne, gwani yana shanye zagi.

Mma ba ta zage shi ba. Da na gaya mata, sai ta ce, "Duka?" Na ce duka. Ta tashi ta shiga ɗaki, na ji ta sauko da gwangwanin biskit, ta buɗe, ta rufe, ta mayar.

Ranar Juma'a ta tuƙa tuwo. Ta shimfiɗa tabarma, ta fito da kujerar roba, ta ce in kira Jalilu. Na ce Mma, don me? Ta ce in kira shi. Ya zo yana sanɗa, ba biro a aljihu. Ta nuna masa kujera. Ta ce ya ajiye wayoyinsa a ƙasa, duka biyun.

Sai ta rufe ido ta fara. "Salamu alaikum Mma, ni ne Mutala, yau Lahadi, mun tashi aiki da wuri." Saƙo na ɗaya, tun daga sallama har zuwa gaisuwar mutanen gida ɗaki ɗaki, har da inda ya tsaya ya yi tari. Ashe motsin leɓen nan na shekara tara ba addu'a ba ce kaɗai. Tsohuwar da aka yi wa dariyar kaset ta yi nata kwafin, a inda Sakatare ba shi da kalmar sirri.

A tsakiyar na uku ta tsaya. Wata jimla ta kuɓuce mata. Ta buɗe ido ta dubi Jalilu ta ce, "Daga nan me ya ce? Kai ma ka ji shi. Kai ne kake riƙe da wayan."

Juma'a ɗari huɗu da ɗoriya muryar tana fita daga tafin hannunsa. Bai iya kawo kalma ɗaya ba.

Ta ce, "Ba komai. Ci abincinka." Ta tura masa kwano, cinyar zabo a sama.

Haka ake yi yanzu kowace Juma'a. Ba ta taɓa fasa kiransa ba, shi kuma ba shi da fuskar ƙin zuwa. Ni ina gefe ina naɗar muryarta a wayata, in an gama in tura wa Abdulsalami ya zuba a filash biyu, ɗaya a akwatin kekena, ɗaya a Kotobabi. Na yi wayo, ka gani, bayan shekara tara.

Sanarwar zare hannu

Mai wannan rubutu ba ta ɗauki alhakin komai ba. In ka bi matakan nan suka yi aiki, kai ka danna. In aka ci gaba da ba ka cinyar zabo ta ƙi wucewa a maƙogwaronka, ba ruwana, ka sha ruwa. In ka ga tsohuwa ta nufo ka da tabarma ranar Juma'a ka ji kamar ƙasa ta tsage ka shige, kada ka zo wurin ɗinkina, ba na ɗinka irin wannan.

Haka kuma kada wani ya tambaye ni me ya sa na ga gumi a leɓensa tun Juma'ar farko amma ban fizge wayar ba sai ta biyar. Ina da ɗinki a gabana. Na ce gobe.

Kuma ba a karɓar ƙorafi a kan saƙo na goma sha ɗaya. Mma ta iya shi duka, har atishawar abokin tana yi. In ta zo wurin dariyar ne take tsayawa, domin kalmomi ake haddacewa. Juma'ar da ta wuce ta tsaya a nan ta daɗe, sannan ta juyo wurina, ba wurin Jalilu ba, ta ce, "Sahada, dariyan yayanka, sama yake tashi a ƙarshe ko ƙasa yake sauka?"

Na ce mata sama. Wallahi ban sani ba.